Abin Da Ya Haɗa Mu Da Ƙwallon Kwandon Matan Faransa

Kowa a makarantar nan ya san ɗakin malamai ya rabu gida-gida a kan ƙwallon ƙafa na Ingila. Amma akwai mu 'yan kaɗan da hankalinmu ya karkata ga ƙwallon kwando na mata da ake bugawa a ƙasar Faransa. Abokan aikinmu sukan yi mana ba'a, suna cewa, me ya haɗa kifi da kaska? Ga amsarmu, domin ɗalibai da iyaye su ma su ji.

'Yan matanmu na Nijeriya, wato D'Tigress, su suka nuna mana hanya. Bayan sun ci kofin Afirka a 2017 da 2019, sai muka so mu san inda suke wasa sauran watannin shekara. Muka tarar Ezinne Kalu, wadda aka zaɓa gwarzuwar gasar 2019, tana buga wa ƙungiyar wani ƙaramin gari mai suna Landerneau a yammacin Faransa. Muka fara bin wasanninta a waya ta intanet, malamin Faransanci yana fassara mana abin da mai sharhi yake faɗa. Kafin mu ankara, mun san ƙungiyoyi 12 na gasar da launin rigar kowacce.

Da muka bi tarihi, sai muka ga wasan ba baƙo ba ne gare mu. James Naismith ne ya ƙirƙiro shi a 1891 a wata makarantar ƙungiyar samari Kirista ta YMCA a Amurka, kuma a zauren wannan ƙungiya a Paris aka fara buga shi a Turai a 1893. A Faransa ƙungiyoyin matasa na ikkilisiya sun taimaka ƙwarai wajen kai shi ƙananan garuruwa.

Ƙungiyar da ta fi shiga ranmu ita ce ta Bourges, masu riga ruwan lemo. Garin yana tsakiyar ƙasar, mutanensa kimanin 65,000 ne kawai, amma matansa sun ci kofin zakarun Turai a 1997 da 1998 da 2001. Zauren wasansu yana ɗaukar mutum wajen 5,000. Idan aka nuno 'yan kallo, sai ka ga tsofaffi da jikokinsu, maza da mata, sun fito da ganguna domin su ƙarfafa 'yan mata. A nan ne Céline Dumerc ta yi suna. Tsawonta mita 1.69 ne, wato gajera ce a cikin wannan wasa na dogaye, duk da haka ita ta jagoranci Faransa zuwa lambar azurfa a gasar Olamfik ta Landan a 2012.

Goyon bayan ƙungiyar ƙasarsu kuwa makarantar haƙuri ce. Sau biyar a jere, daga 2013 zuwa 2021, suna kaiwa wasan ƙarshe na kofin ƙasashen Turai, sau biyar ɗin kuma ana doke su. A Olamfik ta Paris a 2024 sun kara da Amurka a wasan ƙarshe. Gabby Williams ta jefa ƙwallo a daidai lokacin tashi, ya shiga, amma ƙafarta tana kan layi, sai aka ba ta maki biyu maimakon uku. Aka tashi 67 da 66. Ɗalibin da ya taɓa faɗuwa jarrabawa da maki ɗaya ya san wannan zafi. Abin da ya ƙara mana ƙaunarsu shi ne, kowace shekara sukan share hawaye su koma filin horo.

A gasar nan ce kuma aka gwada mu, ranar da Faransa ta haɗu da Nijeriya. Jini ya fi ruwa kauri, saboda haka muka tsaya bayan namu, aka kuwa doke mu 75 da 54. Amma D'Tigress, a ƙarƙashin mai horarwa Rena Wakama, sun ci Ostireliya da Kanada, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a ƙwallon kwando na Olamfik.

To, ga abin da yake damunmu. Muna da fili a nan, muna da 'yan mata masu baiwa. Amma ranar wasan samari filin yakan cika maƙil, ranar wasan 'yan mata kuwa sai benci da iska. Mun ga yarinya mai hannu wadda ta daina zuwa horo a aji huɗu, domin an ce mata a gida tsalle-tsalle ba na mace ba ne. Wata kuma ta daina don ba wanda ya taɓa zuwa kallonta. Mutanen Bourges ba su fi mu yawan 'ya'ya mata ba. Abin da suka fi mu shi ne fitowa kallo, kuma yarinyar da ta ji garinsu yana kiran sunanta ba ta saurin ajiye ƙwallo.

Saboda haka muna roƙon iyayenmu da dattawan ikkilisiya, ku bar 'yan mata su yi wasa, ku kuma zo ku gani da idonku. Ku samari, ranar wasan 'yan'uwanku mata ku fito da gangunan da kuke kaɗa wa junanku. Ku kuma 'yan mata, ku riƙe littafi da hannu ɗaya, ƙwallo da ɗayan. Allah ya kai mu baɗi lafiya.