Ramukan Hanyar Goronyo

Da hantsi muka bar Sakkwato, don yanzu ba mai son magariba ta riske shi a gabashin jihar. Rabah muka fara taɓawa, mahaifar Sardauna, muka sauke wata tsohuwa da buhun geronta. A Wurno na roƙi minti goma na ziyarci kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a garin a 1837.

Bayan Wurno ne hannun direban ya ɗauke mini hankali. Rami bai bayyana ba, shi ya riga ya kauce. Na ce, "Malam direba, ko kai ka haƙa su?" Ya yi dariya: "Malam, wanda ya sha duka ai ya san mai sanda."

Ni da nake koyar da ilimin halittu, sai na shiga tunanin inda ramukan nan suke zaune a kansa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sun kai biliyan 86, kowace tana gaisawa da dubban 'yan uwanta a wasu 'yan mahaɗai. In saƙo ya yawaita bi ta mahaɗa guda, wata ƙofa takan buɗe, sinadarin kalsiyam ya kwararo ciki. Nan take wani furotin mai suna CaMKII ya saki inda yake maƙale, ya tattaru a bakin wannan mahaɗa, ya sa a ƙara mata masu karɓar saƙo. Gobe saƙon ba ya shan wahalar wucewa. A 1999 masu bincike a Amurka suka liƙa wa furotin ɗin wani abu mai ƙyalli kore, suka kalli tafiyarsa a cikin ƙwaya mai rai. Tun 1992 kuwa an ga ɓerayen da aka hana wannan furotin suna fama kafin su riƙe inda tudun tsira yake a kwamin ruwa.

A Goronyo na ga misalin da na daɗe ina nema wa ɗalibaina. Dam ɗin garin yana tare ruwan Gulbin Rima; in an saki ruwa, fadamar da ya shiga can za ka ga manoman albasa da shinkafa sun yi dafifi, wadda bai kai ba kuwa shiru, kamar dai yadda furotin nan yake tattaruwa a mahaɗar da kalsiyam ya shiga.

Na fara yi wa direba wannan bayani, ya katse ni: la'asar ta gabato, in zan koma in shiga mota. Na shiga. Ko a dawowa rami ɗaya kawai ya faɗa, ya kuma rantse sabo ne.