Sanyi Bai Hana Kasuwa Ci Ba: Ziyararmu A Dandalin Disney Na Faris

A watan Janairu na 2024 Allah ya nufe mu da tafiya ƙasar Faransa don sada zumunci da wani ƙanenmu wanda ya daɗe da zama can shi da iyalinsa. Tun ranar da muka sauka yaransa suka matsa mana lamba, wai lallai sai an kai mu mun ga dandalin wasanni na Disney, wato wurin nan na ɓeran da ake kira Mickey wanda 'ya'yanmu ke kallo a talabijin. Mu kuwa da muka baro Yawunde da 'yar riga mai shara-shara, muka tarar da sanyin da ke sa haƙora kaɗawa, sai muka ce a cikin ranmu, wane mai hankali ne zai fita wasa a fili cikin irin wannan hali? To, gani ya kori ji. Abin da muka gano ne muka ga ya dace mu kawo maku, musamman da yake yawancinmu 'yan kasuwa ne, kuma akwai darasin kasuwa a ciki.

Ranar Asabar muka yi shiri. Gari bai waye sosai ba sai wajen ƙarfe takwas da rabi, don haka cikin duhu muka fito. Muka shiga jirgin ƙasan da ake kira RER daga tsakiyar birnin Faris, muka nufi gabas. Tafiyar kilomita 32 ce, kuma cikin kamar minti arba'in muka iso tashar ƙarshe a yankin Marne-la-Vallée. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne, da fitowarmu daga tasha sai ga ƙofar dandalin a gabanmu, ko tasi ba mu nema ba. Abu na biyu kuma shi ne jama'a. Ma'aunin zafi yana nuna digiri 3, ga yayyafi, amma ga mutane nan sun yi layi, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, wasu na tura jarirai a keke. Mun ji ana Faransanci, ana Turanci, ana Jamusanci, ana Sifaniyanci, har da Larabci.

Muka dubi ƙanen namu muka ce, “Kai kuwa, duk waɗannan ba su da ɗakin kwana ne?” Ya yi dariya ya ce, “Yaya, ai yau ba kowa. Ku dawo a watan Agusta ku ga abin da ake kira cunkoso.”

Kafin mu ci gaba, bari mu ɗan koma baya, domin tambayar da muka yi a bakin ƙofa, masu dandalin ma sun yi wa kansu ita tun kafin a aza tubali. Kamfanin Disney na Amurka ya saba da ƙasar rana. Dandalinsa na farko a jihar Kalifoniya aka buɗe shi a 1955, na biyu kuma kusa da garin Orlando na jihar Fulorida a 1971. A Orlando, ko a tsakiyar hunturu, da rana zafi yakan haura digiri 20, shi ya sa mutanen arewacin Amurka da Kanada ke gudun ƙanƙara su gangaro can. Amma ko a Fulorida ɗin ba rana kaɗai aka duba ba, an zaɓi wurin ne kusa da mahaɗar manyan hanyoyin mota guda biyu. Kuma su ma suna da tasu damuwar. Da damina kusan kullum sai an yi tsawa da ruwa da yamma, ga guguwar teku wadda ta sa aka rufe dandalin a karon farko a 1999.

Da suka tashi shigowa Turai, sai zaɓi ya tsaya tsakanin ƙasashe biyu, Sifen da Faransa. Sifen tana da fili a gaɓar tekun Bahar Rum, inda ake samun rana kamar ta Fulorida. Faransa kuwa abin da ta miƙa shi ne gonaki kimanin hekta 2,000 a gabas da Faris, inda ake noman hatsi da wani tushe da ake yin sukari da shi, ƙasa mai hazo da yayyafi kusan rabin shekara. Duk da haka Faransa aka ɗauka. Dalili kuwa, lissafin da aka yi a lokacin ya nuna mutum miliyan 68 za su iya isowa wurin da mota cikin awa huɗu, miliyan 300 kuma da jirgin sama cikin awa biyu. Ga shi gwamnati ta yi alkawarin miƙo dogon jirgin ƙasa har bakin ƙofa. A watan Maris na 1987 shugaban kamfanin, Michael Eisner, da Firayim Ministan Faransa na wancan lokaci, Jacques Chirac, suka sa hannu a yarjejeniya. Aka buɗe dandalin ranar 12 ga Afrilu, 1992, da sunan Euro Disney.

Da muka shiga ciki sai muka fara ganin dabarun da aka yi wa sanyi. Babban titin da ke kai mutum zuwa gidan sarautar nan mai hasumiya, wanda ake bugawa a hotuna, a buɗe yake ba rufi. Amma a bayan kantunan da ke gefensa, dama da hagu, an gina dogayen rumfuna biyu rufaffu masu ɗumi, ta yadda mutum zai ratsa titin tun daga farko har ƙarshe ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Wasannin da suka fi jan jama'a da yawansu a cikin gini suke, har da jirgin nan mai gudu bisa dogo cikin duhu, wanda ke juya mutum kai ƙasa ƙafa sama. Yara suka hau suka sauko suna ihun murna, mu dai muka ce mun yafe. A wasu otal-otal da gidajen abinci kuma an gina murhun jin ɗumi. Wannan ba sabon abu ba ne wurinsu, domin a dandalin birnin Tokiyo na Japan, wanda aka buɗe a 1983, babban titin gaba ɗaya aka yi wa rufin gilashi saboda ruwan sama.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka sanyin bai taɓa mu ba. Layin wasu wasannin a waje yake, kuma tsayuwar rabin awa cikin iska mai ratsa ƙashi ba wasa ba ce. Ƙaramar 'yar ƙanenmu ta ja hannunmu ta ce, “Baba babba, yaushe rana za ta fito?” Muka ce mata ta yi haƙuri, ranar tana can gida mun baro ta. Lokutan salla ma sun matso juna, muna idar da Azahar ba da jimawa ba La'asar ta shiga, ƙarfe biyar da 'yan mintuna kuwa rana ta faɗi. Wanda ya yi alwala da ruwan famfon Faris a watan Janairu ba zai manta ba.

A shekarun farko saura kaɗan wannan kasuwa ta watse. A shekarar kuɗi ta 1993 kaɗai an yi asarar faran na Faransa biliyan 5.3. Mutane da yawa suka ce ai ga irinta nan, da an bi rana zuwa Sifen da ba a ga haka ba. Lallai sanyi ya taka tasa rawar, don a hunturun farko har sai da aka rufe ɗaya daga cikin manyan otal-otal ɗin saboda rashin baƙi. Amma akwai abin da ya fi sanyi cizo. An gina ɗakunan kwana sama da 5,000 da zaton mutane za su yi kwana da kwanaki kamar yadda ake yi a Fulorida. Nan kuwa Faris tana nan tafiyar minti arba'in, sai mutum ya zo da safe, ya yi wasansa, ya koma birni ya kwana. Wato kusancin da ya kawo jama'a shi ne kuma ya kwashe su da dare. Ga bashi mai nauyi, ga tattalin arzikin Turai ya shiga matsi a daidai wannan lokaci.

A 1994 al'amura suka fara juyawa. Bankuna suka sassauta bashi, Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya ya zuba jari mai yawa, aka sake wa wurin suna zuwa Disneyland Paris. A wannan shekara ce kuma aka buɗe tashar jirgin ƙasa mai tsananin gudu, wato TGV, a bakin dandalin, aka kuma buɗe hanyar ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa. Daga babban filin jirgin saman Faris zuwa ƙofar dandalin ya zama tafiyar kamar minti goma. A 1995 aka ci ribar farko. Aka kuma koyi sayar da hunturun kansa, ana ƙawata wurin da fitilu da bukukuwa daga ƙarshen shekara zuwa farkon sabuwa, ana rage kuɗin shiga a ranakun da ba jama'a. An ƙara dandali na biyu a 2002, kuma a 2023 mutum kimanin miliyan 16 suka shiga dandalin biyu.

Sifen fa? Ita ma ta sami nata dandalin, PortAventura, wanda aka buɗe a 1995 a garin Salou, kudu da Basalona, daf da teku. Wuri ne mai farin jini, amma masu zuwa cikinsa ba su kai rabin na Faris ba. Abin dariyar ma shi ne, wannan dandali na ƙasar rana yakan rufe na wasu makonni bayan bikin sabuwar shekara, lokacin da masu hutun bakin teku suka watse, alhali na ƙasar sanyi yana buɗe kowace rana ta Allah.

A jirgin komawa, yara sun yi barci a kafaɗunmu, muka yi ta juya wannan magana. Yanayi shi ke zaɓa wa mutum ranar da zai zo da irin rigar da zai sa, amma hanya ce ke sa ya zo ko ya fasa. Ruwan sama ana yi masa rufi, sanyi ana hura masa wuta, nisa kuwa ba a yi masa rumfa. Kakanninmu sun san haka tun ba a haifi Disney ba. Da suka fito fatauci ba inda iska ta fi daɗi suka kafa zango ba, sai inda ayari ke yada kaya. Dubi Duwala da ruwanta wanda ba ya ɗaukewa, dubi Garwa da zafinta na watan Afrilu, duk ba su hana kasuwa ci ba. Dubi kuma yadda Gaundare ta bunƙasa tun da dogo ya isa can a 1974. Saboda haka duk ɗan'uwan da ke shirin kama shago ko buɗe wurin abinci, kafin ya yaba kyan gini ko arahar haya, ya tsaya ya ƙirga ƙafafun da ke wucewa ta ƙofar, ya kuma tambayi kansa ko masu wucewar za su tsaya.

Ga wanda kuma Allah ya hore wa zuwa da iyali, shawararmu ita ce ya nufi watan Mayu ko Yuni ko Satumba, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba, sanyi kuma ya yi sauƙi. In kuwa cikin hunturu tafiya ta kama, to ya samu raguwar layi, amma ya tanadi safar hannu da hular sanyi ga kowane yaro, kada ya yi irin gangancinmu.

Allah ya sa mu dace, ya kai mu fitowa ta gaba lafiya.