Me ya sa Sakkwato ke tafasa, Legas ba ta yi? (Zare)

1/ Jama'a ga tambaya. Legas ta fi Sakkwato kusa da tsakiyar duniya, inda aka koya mana tun firamare cewa nan rana ta fi ƙarfi. To me ya sa a Afrilu Sakkwato ke haura digiri 40, Legas kuwa da ƙyar take wuce 33? Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Ni ɗan Gusau ne, aiki ya ajiye ni Legas, don haka na ɗanɗana duka biyun. Zafin Legas na gumi ne, ka fito wanka ka sake jiƙewa. Namu na gashi ne, kamar an jingina ka da tukubar mai tsire. Rana ɗaya ce fa. Abin da take sauka a kai ne ya bambanta.

3/ Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi. Kafin kilo ɗaya na ruwa ya ƙaru da digiri 1, sai ya sha zafi kusan ninki 5 na abin da kilo ɗaya na busasshen yashi zai sha. Kuma yadda yake jinkirin ɗauka, haka yake jinkirin saki.

4/ Gwada da kanka. Ajiye bokitin ruwa a kan yashi tun hantsi. Da azahar yashin ba ya takuwa, ruwan kuwa ɗumi kawai ya yi. Ka dawo bayan isha'i: yashi ya huce, ruwa na nan da ɗuminsa.

5/ Ƙari a kan haka, hasken rana na ratsa teku mita da yawa, igiya na juya ruwan, zafin ya rarrabu. A tudu kuwa fatar sama ce kaɗai ke shan wahalar. Tona yashi da hannu ka ji, ƙasan da sanyi. Wannan fatar ita ke gasa iskar da muke shaƙa.

6/ To Legas na zaune a bakin Tekun Atlantika. Da rana ƙasa ta yi zafi, iskar kanta ta tashi sama, mai sanyi daga teku ta shigo ta maye gurbi. Fanka ce kyauta, ba ruwanta da NEPA. Sakkwato kuwa tsakaninta da teku ya fi kilomita 700. Wa zai yi mata fifita?

7/ Kuma dalilin nan ne dai ke sa mu fi su sanyi. A Janairu daren Kano na sauka wajen digiri 13, ana jin ɗumi da asuba, ɗan Legas na kwana da fanka. A Bilma ta Nijar, tsakiyar Sahara, bazara na wuce 40, daren hunturu kuma wani lokaci yakan kusanci sifili. Busasshiyar ƙasa ba ta ajiya.

8/ Ba mu kaɗai ba. Edinbura ta Sikotlan da Mosko ta Rasha nisansu ɗaya daga tsakiyar duniya. A Janairu Edinbura na wajen digiri 4, Mosko wajen 6 ƙasa da sifili. Ta farko iska na zuwar mata daga Atlantika mai ruwan ɗumi, ta biyu na can ƙuryar tudu.

9/ Sai tsayi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi. Jos na kan mita 1,200, shi ya sa dankalin Turawa ke yi a can. Mambila ta fi ta tsayi, har ganyen shayi ake nomawa. Wannan kam ba mu da ta cewa, Allah ne ya ɗora su a kan dutse.

10/ Ga wanda ya fi burge ni. Sau biyu a shekara rana ke tsayawa daidai tsakar kan Kano: ƙarshen Afrilu da kuma Agusta. A Afrilu ana kusan 39, a Agusta wajen 30. Tsayuwar ranar iri ɗaya ce. Bambancin shi ne girgije ya tare wani kaso, ƙasa kuma a jiƙe take, ga ciyawa.

11/ Jiƙaƙƙiyar ƙasa na kashe ƙarfin rana wajen mai da ruwa tururi. Busasshiya ba ta da inda za ta kai shi sai iska. Aikin randa ke nan: tana tsattsafo, tsattsafon na bushewa, ruwan ciki na sanyi. Iyayenmu sun san wannan tun ba a kawo firij ba.

12/ Da wannan dabarar Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don tumatir da yalo su daɗe ba su lalace ba. Ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000.

13/ Yanzu ga inda abin ke damuna. Nisa da teku ba mu muka zaɓa ba. Amma dubi abin da muke yi da hannunmu: a sare darbejiya, a cike kududdufi a yanka filoti, a shafe tsakar gida da siminti, a rufa baƙin kwano wai ya fi kyau. Muna ƙara wa gari bushewa kan bushewa.

14/ Kwalta da kankare na shan rana yini guda, da dare su riƙa amayar da ita. Shi ya sa ƙarfe 1 na dare bango na nan da zafi, ka yayyafa ruwa a katifa a banza. Jiki kuwa da dare yake hutawa daga zafin rana. In dare bai huce ba, tsofaffi da jarirai ne ke fara jigata.

15/ Ba tsoratarwa ba ce. Ranar 3 ga Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, ana cikin azumi. A makon an yi asarar rayuka da dama a Bamako, akasari dattawa. Kayes Sahel ce, mu ma Sahel muke.

16/ A gidanmu yanzu haka maganar da ake ke nan. Akwai darbejiya a ƙofar gida, ta girme ni. Baba na son sare ta a gina shago biyu. Na ce, "Baba ku yi haƙuri, itacen nan shi ke sanyaya zaure." Ya ce, "Inuwa ba ta biyan kuɗin makarantar ƙannenka."

17/ Kuma wallahi gaskiyarsa. Ba na raina lissafinsa. Sai dai bishiya ba inuwa kaɗai take bayarwa ba. Tana jawo ruwa daga ƙasa ta sake shi ta ganye, iskar wajen ta yi sauƙi. Ga wanda ke nesa da teku, ita ce ɗan tekunsa. Shago wata biyu an gama. Darbejiya irin wannan sai shekaru.

18/ Na roƙi a gina shago ɗaya a bar ta, ni zan riƙa cike kuɗin hayar ɗayan daga albashina. Ya ce zai yi tunani. Mai gini dai an ce ya dawo bayan sallah, don haka ina ta kiran Hajiya tana taya ni kamun ƙafa.

19/ In kana gini: kwano mai haske ya fi baƙi, a sa silin, taga ta kalli taga, a bar wani ɓangare na tsakar gida ƙasa. In za ka dasa itace, Yuli ne lokacinsa, ka kewaye shi saboda awaki.

20/ Wane gari kake, kuma digiri nawa wayarka ta nuna yau da azahar? Ku ajiye a ƙasa mu jera, daga Fatakwal har Agadas. Wanda kuma ya taɓa shawo kan mahaifi a irin wannan magana, don Allah ya ba ni dabara.