Wai ai yana tafiya

Tun jiya da la'asar nake danne zuciyata kada in yi rubutun nan, don na san autanmu yana leƙo shafin nan, kuma ba na so ya ɗauka da shi nake. Amma na kwana abin yana ci na, na tashi asuba ma yana nan daram. To bari in amayar, ko na samu sauƙi.

Ku da muka daɗe tare a nan kun san agogon Baba, Allah ya jiƙansa. Shi ne wanda na ɗora hotonsa ranar da Baba ya cika shekara goma da rasuwa, Seiko 5 ɗin nan mai farar fuska da tsufa ya fara mayar da ita ruwan madara, wanda ranakun mako ke fitowa da Larabci a 'yar tagarsa. Tsarabar da ya yi wa kansa ce a Hajjin 1981. Wata uku ke nan da ya fara mutuwa cikin dare: in na cire shi bayan isha'i, kafin kiran assalatu ya tsaya. Na san ciwonsa. Mai ne ya bushe, ƙura ta shiga, wanki kawai yake so. Sai na ajiye shi a akwati ina jiran in samu hannun da na amince da shi. Na yi tafiyar sati biyu zuwa Abuja, sai auta, da kyakkyawar niyya wallahi, ya ɗauka ya kai wa wani mai gyara a bakin kasuwa don ya faranta min rai.

Jiya ya kawo min shi a naɗe cikin hankici, bakinsa har kunne. Tun kafin in warware gabana ya faɗi, don nauyin da na ji a tafina ba shi ne na sani ba. Na buɗe. Tsinken sakan yana tsalle ɗai-ɗai, tak, tak, tak, irin na agogon bangon aji. Na kai shi kunne na girgiza, shiru kake ji. Wannan 'yar ƙarar ƙarfen da ke wulwulawa a ciki, wadda nake ji tun ina yaro in Baba ya ɗaga hannu zai shafa kaina, babu ita. A taga kuma Larabcin ya ɓace, ga wasu haruffan boko a karkace, rabinsu a ɓoye.

Na ce masa, "Auta, wa ka kai wa?"

Ya ce, "Yaya, lafiya? Ai yana tafiya."

Muka hau mashin har wurin mutumin. Na ce ya buɗe bayan a gabana. Ya buɗe. Cikin gidan da inji ya cika shi taf shekara arba'in da ɗoriya, yanzu wani farin zoben roba ne, a tsakiyarsa ɗan inji kamar kwabo, da batir. Ƙafafu biyun nan da ke riƙe fuskar agogo a jikin inji, da ya ga ba su dace da sabon ba, sai ya karye su ya liƙe fuskar da gam. Har ga sawun gam ɗin ya malalo gefen ƙarfe bakwai.

Ya dube ni ko a jikinsa ya ce, "Alhaji, ai taimakonka na yi. Wancan ya tsufa, kullum sai ya ba ka wahala. Wannan ko minti ɗaya ba zai yi latti ba. Ba ga shi yana tafiya ba?"

Na ce, "Malam, ina injin da ka cire?" Ya nuna min wani gwangwanin madara cike da tarkace, ya ce yaronsa ya riga ya ciri wasu abubuwa an gyara na wani da su. Na zazzage gwangwanin a kan teburinsa ina tonawa da matsefata kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Abu ɗaya na gane: ƙarfen nan mai siffar rabin wata da ke juyawa yana wana agogon. Shi na sa a aljihu muka taho.

Na dawo gida, uwargida ta ce in yi haƙuri, ai yana tafiya. Maƙwabcina da muka haɗu a masallaci da magariba, shi ma ai yana tafiya. Mutum huɗu a yini ɗaya, kamar sun haɗa baki. Kuma na san kafin ku kai ƙarshen rubutun nan wani ya riga ya fara rubuta min ita a ƙasa.

Jama'a, in aka ba ka ajiyar doki, ka yanka shi, ka ɗinka fatarsa a jikin jaki, ka mayar wa mai shi, za ka ce masa ai yana tafiya?

Bari in gaya muku abin da ke cikin agogon nan da aka zubar a gwangwani. Injinsa lamba 6309 ne, wanda Seiko suka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1988. Ba ruwansa da batir. Motsin hannunka ne abincinsa: ka yi tafiya, ka yi alwala, ka ɗaga hannu ka gaisa, rabin watan nan ya juya ya ɗaure sifirin, sifirin ya riƙa sakin ƙarfinsa a hankali. A cikinsa akwai wani ɗan zobe mai kai-komo da ke bugawa sau shida a kowane sakan, sau 21,600 a awa, shi ya sa tsinken sakan ɗinsa yake tafiya sumul kamar yana silalewa, ba ya tsalle. Duwatsu 17 ɗin da aka rubuta a kansa ba ado ba ne, yaƙutu ne na haɗi da ake sawa inda ƙarfe ke gogar ƙarfe don kada ya cinye. Inji ne da aka yi shi don a kwance shi, a wanke, a sa mai, a mayar, ya ci gaba. Kirarin agogo sarkin aiki irinsa ya dace da shi. Aikin yini ɗaya ne ga wanda ya iya. Wanda bai iya ba kuwa, abin da ya kamace shi ya ce ban iya ba. Wannan kalmar ce ta fi ƙarfin bakinmu a ƙasar nan.

Har shekarar da aka ƙera shi na sani, kuma na taɓa koya muku wannan. A bayan tsohon Seiko akwai lamba mai tsawo: ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekara, ta biyu kuma wata. Na Baba ya fara da 1 da 3. Tunda injin bai wuce tsakanin 1976 da 1988 ba, babu wata shekara mai ƙarewa da 1 sai 1981. Watan Maris aka gama shi a Japan, kafin shekara ta ƙare yana hannun wani malamin firamare, wato Baba, a Jidda yana ciniki da ɗan guzurinsa. Baba ya sha ba mu labarin yadda ya haƙura da rediyo ya sayi agogon.

Ba na musun cewa na batir ya fi shi daidaito. Ya fi shi, nesa ba kusa ba. Na Baba yakan yi gaba da kusan rabin minti a rana, duk Juma'a sai na saita shi da labaran rediyo. Kuma abin dariya, su Seikon ne da kansu suka fara fito da agogon hannu na batir mai dutsen kwaz, wanda suka kira Astron, ranar 25 ga Disamba 1969, a kan yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Cikin shekara goma sha biyar abin ya kusa kashe sana'ar agogo a Suwizalan, ɗaruruwan kamfanoni suka rufe, fiye da rabin ma'aikata suka rasa aiki. Ni kaina agogon da na fi ɗaurawa Casio F-91W ne, ɗan baƙin roban nan da ya fito a 1989 kuma har yau bai sauya kama ba. Da shi nake zuwa gona, da shi nake alwala, batirinsa sai ya yi shekara bakwai ban waiwaye shi ba. To ba ƙin na batir nake ba. Da lokaci kawai nake nema, ai ga waya a aljihu, ga ladan sau biyar a rana.

Na san masu jira su ce min almubazzaranci ne, babba da kai kana tara agoguna alhali hannu biyu gare ka. Na sha jin wannan tun ranar da na nuna muku akwatin. Guda tara ne, kuma in aka haɗa kuɗinsu duka bai kai na wayar da wasunku za su rubuto min wa'azin da ita ba. Mai hula talatin a kan durowa, Zanna Bukar da kube kala-kala, kai nawa gare shi? Mai kwalaben turare jere kamar kanti fa? Mai kiwon tantabara da ke hana maƙwabta barci? Ba wanda ya ce musu uffan, sai ni da tsofaffin ƙarafuna. Ban taɓa cin bashi don agogo ba, ban hana yara kuɗin makaranta ba, ba na ɗaura na zinare don na san hukuncinsa ga namiji. In akwai haƙƙin wani a cikin akwatin nan ya fito ya faɗa.

Kuma ku daina haɗa ni da masu ɗaura Rolex na jabu a wurin biki suna naɗe hannun riga. Wannan wata harka ce daban. Ko can inda ake zuba maƙudan kuɗi, sau da yawa hannun da ya ɗaura ake saye. Rolex ɗin ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman, wanda matarsa ta ba shi, an yi gwanjonsa a New York a 2017 a kan dala miliyan 17.8, alhali irinsa da ba na Newman ba bai kai kusa da haka ba. Nawa ko dubu nawa aka yi masa kuɗi a kasuwa bai dame ni ba. Gumin Baba ne ya cinye gefen sarƙarsa. Akwai wani kwarzane a gilashin, wajen ƙarfe biyu, da ya samu ranar da ya faɗi da keke a hanyar makaranta. Allah ya so dai mutumin bai ce zai canja gilashin ba.

Tunda abin ya riga ya faru da ni, ga ɗan abin da na sani, ko wani ya tsira. In kana da tsohon agogon gado, kafin ya bar hannunka ka sa a buɗe bayansa ka ɗauki hoton injin, ka rubuta lambar da ke jikinsa. Ka faɗa wa mai gyara da bakinka cewa wanki da mai kake so, duk abin da zai cire ya dawo maka da shi a takarda, kuma kada ya goge jikin ya ce zai mayar da shi sabo, don gogewar nan tana cinye kusurwoyinsa har abada. Ka dubi teburinsa. In ba ka ga madubin ido ɗaya da ƙananan sukundireba da kwalbar mai ba, sai katin batira da gam, mai sa batir ne, ka ɗauki kayanka ka yi gaba. Kada ka yi alwala da tsohon agogo komai abin da aka rubuta a bayansa, don zoben robar da ke tare ruwa ya daɗe da bushewa. In ya jiƙe ya yi gumi a cikin gilashi, a buɗe shi a ranar, kada a jira tsatsa. Kada ka kwantar da shi a kan sifika ko a jikin murfin waya mai maganaɗisu, sai ka ga ya kama gudu ba dalili. Kada ka juya kwanan wata tsakanin tara na dare da uku na asuba, lokacin haƙoran ciki sun riga sun kama aikin juya shi, sai ka karya. Sannan ku yi hattara da tsofaffin Seiko da Citizen masu fuska ja da kore da shuɗi da ake tallarsu a intanet da araha. Yawancinsu haɗe-haɗe ne, an sake musu fenti a Indiya. Na taɓa faɗawa, kun tuna wanda lambarsa ta 5 ta ɓare ta riƙa yawo a cikin gilashi.

Abin da ya fi ƙona min rai ba ma agogon ba ne kaɗai. Muna yara akwai tsofaffin masu gyara da ke zama da ɗan akwatin gilashi a bakin titi, madubi a ido, numfashi ma a hankali suke yi kada su hure ɗan sukuru. In aiki ya fi ƙarfinsu sai su tura ka wurin wane. Yawancinsu sun rasu, 'ya'yansu sun koma gyaran waya, kuma ban ga laifinsu ba, can abinci yake. Amma wanda ya gaji teburin bai gaji amanar ba. Haka makanike zai cire maka abu na asali ya sa na gwangwani, haka tela zai lalata shadda ya ce ai ta shige ka, haka magini. Kowa ai yana tafiya. Mu kuma masu kaya mun saba, har mu ne ke ba wa wanda aka cuta haƙuri da kalmar wanda ya cuce shi. Kayan mutum amana ne a hannunka ko da tsinke ne, kuma za a tambaye ka. Ni dai ban yi masa Allah ya isa ba, amma ban ce na yafe ba tukuna, kada in yi ƙarya.

Auta, in ka karanta, ba da kai nake ba. Kuɗinka ka kashe don ka ga na yi murna, na gani kuma na gode. Ka zo da daddare mu ci tuwo.

Yanzu ga roƙona. Duk wanda ke da mataccen Seiko 5 a durowa, na mahaifi ko na kawu da ba a damu da shi ba, ya juya bayansa ya duba. In ya ga lambar inji 6309 a rubuce a wurin, ya yi min magana ta akwatin saƙo, ko fuskar ta lalace ba komai, injin nake so, musamman mai ranakun Larabci. Haka kuma wanda ya san tsohon mai gyara na gaske da ya rage a Kano ko Zariya ko Kaduna, wanda zai iya sake dasa wa fuska ƙafa, ya nuna min shi, ko ina ne zan je. Batirin dai na cire shi tun daren jiya. Agogon yana akwati a tsaye a kan goma da minti goma sha biyu, rabin watan kuma yana gefensa a cikin hankicin auta.