Jemage Ba Iri Ɗaya Ba Ne

Mutanenmu da yawa suna tsammani jemage duk ɗaya ne. Ba haka ba ne. Masana sun ƙidaya fiye da iri 1,400 a duniya, a Nijeriya kuwa wajen iri 100. Ni akawu ne, aikina ya koya mini kada a tara mutane dabam-dabam cikin rajista da suna ɗaya. Saboda haka na riƙa lura da jemagun unguwarmu, Daurawa, har na rarrabe iri 3.

Na fari shi ne babban nan mai fuska kamar ta kare, mai gashi ruwan ɗorawa a wuya. In ya buɗe fikafikansa sun kai ƙafa 2 da rabi. Irinsa ne ke taruwa miliyoyi a dajin Kasanka na ƙasar Zambiya kowace shekara, daga Oktoba zuwa Disamba.

Na biyu bai kai wannan girma ba. Alamarsa ɗan farin gashi a gindin kunne. Namijinsa ne kake ji da dare a kan mangwaro yana kuka kamar ana kaɗa ƙaramar ƙararrawa.

Na uku shi ne ƙaramin nan mai shiga rufin ɗaki. Ƙwari yake ci. Yakan yi wata ƙara wadda kunnen mutum ba ya ji, amsa-kuwwarta ce ke nuna masa hanya cikin duhu.

A kurmin kudu kuwa irinsu sun fi yawa, ido kaɗai ba ya isa. Sai masana su kafa raga, su auna ƙashin hannun wanda suka kama, su duba hancinsa da kunnensa da haƙoransa, su ɗauki kukansa da na'ura, kana su sake shi. Da irin wannan bincike ne Malama Iroro Tanshi ta sami wani ƙaramin jemage a dutsen Afi na Jihar Kuros Riba a 1 ga cikin daren aikinta na 2016, wanda a da ba a san yana Nijeriya ba.

To, mai karatu, ina amfanin wannan gare mu? Furen kuka da na ɗorawa da dare suke buɗewa. Jemagu masu cin 'ya'yan itace su ne ke shan zaƙinsa, su kwashi garin fure daga wannan itace zuwa wancan, ta haka itacen ke yin 'ya'ya. In ɗorawa ba ta yi 'ya'ya ba, ina kalwa, balle daddawa?

Amma a kiyaye. A 1956 an sami wata cuta dangin haukan kare a jikin babban jemagen nan a Ikko. Watau kada ka kama shi da hannu, kada kuma ka bar yara su harbo shi da danƙo su yi wasa da shi. Ku bar shi bisa itace ya yi mana aikinsa. Rashin sani ya fi dare duhu.