Ƙaiƙayin Kulorakwin

Da damina ta kankama a shekarun 1980, Inna kan kwance bakin zaninta ta miƙo mini kuɗi: "Maza je kemis, ka ce kulorakwin da farasitamol, jikin ƙanenka ya yi zafi." Ba awo, ba takardar likita. Duk zazzaɓi a gidanmu sunansa na cizon sauro.

Ɗacin ƙwayar ya fi na maɗaci, shi ya sa Inna ke cusa ta cikin lomar tuwo. Ni ba ɗacin ne damuwata ba, ƙaiƙayin ne. Tsakar dare yake tasowa, daga tafin hannu zuwa tafin ƙafa, kamar an watsa mini ƙaiƙayin gero cikin riga. Da totuwar masara nake susa har gari ya waye. Maganin na kwana 3 ne, amma da zafin jiki ya sauka a rana ta biyu sai in sa kuka, Inna ta ce, "To, ya isa haka, ɗan nan." Ragowar ta jefa cikin langa, tana jiran mai tsautsayi na gaba.

Can cikin shekarun 1990 sai a sha, a shanye, zazzaɓi na nan daram. Inna ta ce jabu ne, kuma ba ta yi ƙarya ba, jabu ya cika kasuwa a lokacin. Sai da na girma na gane ƙwayar cutar ce kanta ta sauya. A iyakar Tailan da Kambodiya ta fara bijire wa kulorakwin tun ƙarshen shekarun 1950, ta ɓulla Gabashin Afirka a 1978, ta gangaro yamma. Ba a langar Inna aka haife ta ba, sai dai rabin magani irin namu ya yi mata shimfiɗa: masu rauni su mutu, masu taurin kai su hayayyafa.

A 2005 Najeriya ta koma ga haɗin atimisinin, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta tato daga wani ganye dangin tazargade. Shi ma a 2020 an ga alamun ƙwayar ta fara yi masa gardama a Ruwanda.

Rannan ina neman makulli a durowa na ci karo da katin Coartem, haɗin atimisinin ɗin, na 'yata, saura shan safe da na dare ba a ɓalle ba. Wannan ko ƙaiƙayi ba ya sawa. Kuma ni ne na ce mata ya isa.