Ranar Da Kishi Ya Kayar Da Ni A Kan Ƙanƙara

Labarin da zan ba ku a kaina ya faru, kuma har gobe in sanyin hunturu ya kankama, wuyan hannuna na dama sai ya tuna mini da shi.

Wata huɗu da ɗaura mana aure na bi Yaya ƙasar Turkiyya, inda yake karatun digiri na biyu a birnin Bursa. Ɗan wan babana ne, shi ya sa bakina ya kasa sakin wannan suna. Ni kuwa da iyakata Kano zuwa Zariya, ƙanƙarar da na sani ita ce ta cikin zoɓo da kunun aya. Sai ga ni a garin da ke gindin wani shirgegen dutse da ake kira Uludag, mai tsawon mita 2,543, wanda in na ɗaga labulen ɗakinmu nakan hango kansa fari fat kamar an zazzage masa buhunan gishiri.

A watan Janairu na 2022 'yan ajinsu suka shirya hawa dutsen nan don yin sulu a kan dusar ƙanƙara. Da daddare muna cin abinci Yaya yake ba ni labari, sai ya ce, "Akwai wata 'yar ajinmu Baturkiya, wallahi in ta hau allon sulu kamar a kansa aka haife ta. Ita za ta koya miki."

Gabana ya yanke ya faɗi. Lomar da ke bakina da ƙyar ta wuce. Na daure na yi murmushin yaƙe na ce, "Haba Yaya, sulu ne fa. Mu da muka tashi muna yinsa a dakalin makarantar allo, har sai an koya mana?" Ya yi dariya ya ce, "To Amarya, Allah Ya kai mu." A daren nan ban runtsa da wuri ba, ina ta juyi ina saƙa yadda zan nuna masa ni ma ba kanwar lasa ba ce.

Da safe muka shiga teleferik, wato wasu 'yan akwatunan gilashi da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, suna ɗaukar mutane daga gari zuwa saman dutse, tafiyar kusan kilomita 9. Na ƙanƙame hannun Yaya ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina, itatuwa a ƙarƙashinmu sun yi lulluɓi da fari. A can na fara ganinta. Doguwa ce fara, da ɗankwalinta a ƙarƙashin hular kwano, ta rungume ni tana ta fara'a. Ni kuwa na ɗaure fuska tamau, na amsa gaisuwarta a daƙile.

Muka karɓi hayar kaya: takalma masu nauyi, hular kwano, safar hannu, tabarau, da allon kansa, wanda suke kira sunobod. Ba irin takalman sulu guda biyu ba ne da ake haɗawa da sanduna. Allo ɗaya ne, ana ɗaure ƙafa biyu a kansa, mutum ya tsaya a kaikaice, babu sanda babu abin riƙewa. Yaya ya ce wasan har a gasar Olamfik ana yinsa tun 1998. Ta ɗan tura ni ta baya don ta ga ƙafar da zan fara jefawa, ta ce ita ce za ta zama ƙafar gaba. Ta hagu na jefa. Ta fara bayani, Yaya yana fassara mini: in lanƙwasa gwiwa, in kalli inda zan nufa ba ƙafata ba, in zan tsaya in gitta allon in danna dunduniya har gefensa ya ciji ƙanƙara. Ta ce abu mafi muhimmanci shi ne koyon faɗuwa. In zan faɗi kada in tokare da tafin hannu, in dunƙule hannu in sauka a kan damatsa, domin wuyan hannu shi ne abin da sababbin shiga suka fi ji wa ciwo.

Wallahi 'yan uwa, ko rabin maganarta ban saurara ba. Idona na kan Yaya, ina lissafin sau nawa ya yi mata murmushi. Da ta miƙo hannu za ta riƙe ni, na janye nawa na ce zan iya.

Sau uku ina zubewa daɓas kafin ma in miƙe. Ga wasu yara 'yan shekara biyar suna wuce ni fuu kamar tsuntsaye. Kunya ta ishe ni. Ana cikin haka ta yi wani juyi a gabanmu, ƙanƙara ta tashi kamar ƙura, na ji Yaya ya ce, "Masha Allah!" Ai kuwa sai zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe na saita hancin allon ƙasa sak, na sake jiki.

Da fari daɗi na ji, iska tana kaɗa mayafina. Kafin in ankara gudu ya fi ƙarfina. Na nemi yadda ake tsayawa na rasa, don lokacin da ake faɗa hankalina na wani wuri. Na gitta allon amma na bar gefen gaba ya nutse, ya kuwa kama ƙanƙara caraf, ya yi wurgi da ni. Me kuke tsammani na yi? Abin da aka hana ni shi na yi, na kai tafin hannu. Na ji ƙas, wani raɗaɗi ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa, na ƙwalla ƙara ina salati.

Wadda ta fara isowa kaina ita ce. Yaya, da shi ma ɗan koyo ne, yana can sama yana fama da nasa allon. Ta kwance mini ƙafa, ta cire gyalen wuyanta ta rataye mini hannu, ta dunƙula ƙanƙara a safa ta ɗora a inda ya fara kumbura. Ta gyara mini mayafina da ya zame kafin maza su taru. Tana shafa kaina tana cewa "gecmish olsun", wato sannunsu ke nan, Allah Ya sa ya wuce. Hawayen da na yi a lokacin, rabi na ciwo ne, rabi na kunya.

A asibiti aka ɗauki hoto, aka ce tsagewar ƙashi ce, aka sa mini filasta na sati shida. Sati shidan nan Yaya ne ke girki da wanke-wanke ga karatu a gabansa. Ita kuwa duk Juma'a sai ta zo da miya a kula, wata rana ma da saurayinta da aka sa musu rana, suka kawo mini alewar Bursa da katin bikinsu.

Da suka tafi na kasa daurewa, na fashe da kuka na faɗa wa Yaya duk abin da ke raina tun daren farko. Ya yi shiru, can ya ce, "Amarya, da kin tambaye ni a daren nan, da kalma biyu ta wadatar. Kin gwammace ki karya hannu da ki buɗe baki?" Ban da amsa, sai na sunkuyar da kai.

Shekara ta zagayo na koma dutsen nan, na miƙa mata hannu biyu na ce ta koya mini. Wuni guda muka yi ina gangarowa a kan dunduniya kaɗan-kaɗan, na faɗi ya fi sau ashirin, amma ko ƙwarzane ban yi ba.

Don haka ƙannena 'yan mata, musamman masu shirin shiga daga ciki, in abu ya tsaya muku a rai ku tambaya tun yana ƙarami, kuma cewa "ban iya ba" ba ta rage wa mace daraja. Ni dai sai da na yi sati shida ina cin tuwo da hagu kafin na gane.

Taku har kullum, amaryar Bursa.